Wane Ne Mai Gidan Nan?

Yau kam ku yafe min doguwar gaisuwa, 'yan uwa, raina a ɓace yake. Masu yawan ce min in rage zafin kai, ku bari in gama ba ku labari tukun, sannan ku faɗa min in da ku ne yadda za ku yi.

Ga wadda ta shigo yau, sunana Zakiyya, shekarata ashirin da biyar, 'yar unguwar Birni ce ni a nan Damagaram. Na gama jami'a na yi shekara biyu a gida ina ƙirga azarar ɗakin Inna. Sai bara aka ɗauke mu aikin anketi, wato binciken gida-gida, a wani proje, wato shirin bincike, da ke nazarin yadda mutane ke zaune a gidajen garin nan tun da al'amura suka tsaya. Kun dai san halin da aka shiga. Kasuwa ta kwanta, tiyar gero ta zama sai an yi shawara kafin a saya, masu haya suka riƙa ɗaure kayansu suna komawa gidajen gado. Na shiga ɗakin da mutum tara ke kwana, na gani da idona, na rubuta da hannuna.

Mu ma abin bai bar mu ba. Gidanmu na mahaifiyata ne, Inna Kulu. Ku riƙe wannan da kyau. Mahaifinta baduku ne, shi ya gina shi da tubali, ya sa aka yi wa fuskar zaure zayyana, kuma tun yana da rai ya ba ta shi kyauta a gaban liman da mai unguwar lokacin. Takarda ce dai babu, kamar yawancin gidajen Birni. Babana, Allah ya jiƙansa, ɗan garin Gidimuni ne, shi ya shigo gidan, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ce "gidana" ba, sai dai "gidan Kulu".

Shekara biyu da suka wuce ƙanensa, Baffa Muntari, ya yi mana sallama da matarsa da 'ya'ya huɗu da katifu a kan amalanke. Shagonsa na takalma ya durƙushe, haya ta gagara. Wata biyu ya ce za su yi. Inna ta kwashe kayan aurenta daga babban ɗaki ta ba su, ta dawo ƙaramin muka matsu tare. Kafin a yi sati Baffa ya shimfiɗa buzu a zaure, ya ajiye rediyo da butar shayi. Tun daga ranar duk wanda zai shigo sai ya durƙusa ya gaishe shi, mu ma masu gidan haka.

Sai kuma Jamilu. Shi ne shef, wato shugaban ƙungiyarmu a wurin aiki, shi ne kuma wanda nake so, ba zan yi muku ƙarya ba. Dogo ne, mai son shadda ruwan toka, mai dariyar da sai ya dafe ciki. Zaki yake kirana, wai saboda in na yi fushi ko shugaban proje kauce min yake. Ran Juma'ar nan manyansa za su zo neman aurena. Wurin wa? Wurin Baffa mana, shi ne waliyyina tun da babana ya rasu.

To ran Talata da safe na fito zan tafi biro, wato ofishinmu, na sha atamfata koriya mai zanen ganye, sabon ɗinki, na yafa farin mayafi, lallen da aka yi min jiyansa ya kama ja wur. Na tsaya sayen ƙosai wurin Iya Kande, maƙwabciyarmu da ke suya a bakin lungu. Tana ƙulle min a takarda ta ce, ba ta ko ɗago kai ba,

"Ashe Kulu ta bar wa Muntari gidan? Ba a gaya mana ba."

Na yi dariya. "Wane gida, Iya?"

"Gidanku. Jikana ya karanto min a takardar da aka liƙa a ƙofar mai unguwa. Kuma wani Alhaji Bakano ya zo sau biyu, na gan shi yana auna bangonku da taku."

Ban karɓi ƙosan ba. Na san takardar da take nufi. Da muka gama bincike, proje ya miƙa wa hukuma sunayen masu gidajen da ba su da takarda, don a yi musu shaidar mallaka. Mun yi ta alfahari da wannan, wai ga bincikenmu ya yi wa talaka rana. An liƙa sunayen na kwana goma sha biyar, mai ƙorafi ya kawo. Ni ko leƙawa ban yi ba. Me zan duba? Aikinmu ne, kuma ina can ina zaɓen leshi.

Na nufi ƙofar mai unguwa, na kutsa cikin yashin lungu har takalmina ya cika. Takardun suna nan a bango, rana ta fara cinye tawadar. Na bi da yatsa har na kai kan gidanmu. Muntari Mamman. Na karanta sau uku, bai canza ba. A ƙasa an rubuta za a rufe karɓar ƙorafi ran Alhamis da azahar.

Nan take na ɗauki hoto na aika wa Jamilu.

"Mene ne wannan?"

Ya gani, alamar ta yi shuɗi. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Zaki ki zo biro mu yi magana. Kada ki yi komai tukun."

Kun ji? Bai ce "wane irin kuskure ne wannan" ba. Tun a kan kabu-kabu na san ya sani.

Dokar aikinmu ita ce ba ka yin anketin gidanku. Don haka gidanmu Jamilu da kansa ya je, ranar ina can unguwar Zango. Na same shi a biro shi kaɗai, babu wuta, yana fifita da wani tsohon rahoto. Ko zama ban yi ba.

"Kai ka rubuta sunan Baffa?"

"Zauna mana."

"Kai ka rubuta?"

Ya ajiye rahoton. "Na yi sallama, na same shi a zaure. Na karanta masa tambaya ta bakwai yadda take, wane ne mai gidan nan? Ya ce ni ne. Na rubuta abin da aka amsa min. Haka aikin yake."

"Sau nawa na faɗa maka gidan na Inna ne? A kan babur ɗinka na ba ka labarin kakana, har ka ce za ka ɗauki hoton zayyanar."

"Na sani."

"Ka sani, ka rubuta."

"Zakiyya, ki sa kanki a matsayina. Mutumin da zan zo neman aure wurinsa. Ya ba ni shayi, ya sa min albarka. In buɗe baki in ƙaryata shi a zaurensa?"

"A zaurensa," na maimaita.

Ya gane abin da ya fito daga bakinsa, amma ya riga ya fito.

Na ce ya buɗe na'ura ya gyara. Ya ce rahoto ya riga ya tafi Yamai, sunaye suna hannun hukuma, in ya taɓa layi ɗaya za a tambaye shi dalili, in ya faɗi dalili za a gane tambayar ce gaba ɗaya ta karkace, gida ɗari huɗu da wani abu. Ya ce a wannan zamanin da ake rufe proje-proje kowane wata, wa zai kai kansa? Da me zai riƙe ni in an sallame shi? Na ce ban tambaye shi abin da zai riƙe ni da shi ba, gidan uwata nake tambaya. Sai ya dube ni, ya faɗi abin da har yanzu yake cina.

"To wa ya fassara tambayar, Zaki?"

Nan ne zan faɗa muku abin da ban so faɗa ba. Ni ce.

Takardar tambayoyin da Faransanci ta zo daga Yamai. Ranar horo aka ce wa ya fi iya Hausa, duk aka nuna ni, ni kuma kaina ya kumbura. A Faransancin tambayoyi biyu ne dabam. Ta shida tana neman "chef de ménage", shugaban iyali. Ta bakwai tana neman "propriétaire", wanda ya mallaki ginin. Na dubi ta shida na rubuta "wa ke ciyar da gidan nan?" Na dubi ta bakwai na rubuta "wane ne mai gidan nan?" Har tafa min aka yi, wai Hausata ta fita tas. Ni da na tashi a Birni, ni da na san in ka tsaya a ƙofar kowane gida ka ce ina mai gida, ko yaro ya san namijin da ke zaure kake nema, ko da ko tubali ɗaya bai taɓa ɗorawa ba. Da na ce "gidan nan na wa ne?" da shi ke nan. Kalma biyar. Da bakina na yi wannan tambayar a gida sittin da uku, mata suna leƙowa daga bayan labule suna nuna min mazansu da ƙannen mazansu.

Na ji kunya, na ji haushin kaina kamar in mari fuskata. Amma kunyar ba ta kashe min fushi ba, ƙara shi ta yi. Ni na yi kuskure ban sani ba. Shi ya rubuta ƙarya yana sane, yana kurɓar shayi.

"Ni na fassara," na ce masa. "Zan faɗa a gaban kowa. Kai fa, za ka faɗi naka?"

"Ki bari Juma'a ta wuce. In an sa rana, sai mu lallaba Baffa cikin ruwan sanyi."

"Alhamis ake rufewa."

"Ai ko bayan nan akwai hanyoyi."

Hanyoyi. Na yi wata tara ina rubuta labarin matan da aka ce musu akwai hanyoyi, na san inda suke kwana yanzu. Na ɗauki jakata na fita, yana kirana ban waiwaya ba.

Ran Laraba bayan la'asar na tari Baffa. Yana zaure da farar jallabiya, ya miƙe ƙafa, rediyo na ta surutu. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya min, don kada a ce daga nan na fara.

"Baffa, na ga sunanka a ƙofar mai unguwa."

Ya rage muryar rediyon. "To?"

"Gidan na Inna ne."

"Wa ya ce ba nata ba ne? Yaron nan ya tambaye ni wane ne mai gida. Akwai wani namiji babba a gidan nan ban da ni? In gobara ta tashi wa za a kira? In an yi rasuwa wa zai zauna karɓar gaisuwa? Ƙarya na yi?"

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, bai yi ƙarya ba. Da Hausar da na ba shi ya amsa.

"Alhajin Kano da ke auna bango fa?"

Bai ji kunya ba ko kaɗan. "Alhaji Suma'ila. Sito yake nema kusa da kasuwa. Ke yarinya ce, Zakiyya, boko ya cika miki kai. Dubi bangon nan, damina biyu ba zai ƙara ba. Kowace shekara yaɓe, da me? A sayar, a sayi fili a bayan gari, a yi ginin siminti, uwarki ta samu ɗakinta, ni ma in tayar da shagona in daina zama a kanku. Taimakonta nake yi. Mace ba ta iya wannan cinikin."

"Ka tambaye ta?"

"In lokaci ya yi za ta ji."

Na miƙe, don in na ƙara minti ɗaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa ƙanen uba. Har na kai ƙofar shiga ya kira ni, murya a kwance.

"Jibi baƙi za su zo. Ni za su samu a nan. Mutanen kirki ne, ba za su so jin yarinyar tana kai waliyyinta ƙara ba. Ki yi tunani."

Na shiga na tarar Inna tana tankaɗen alkama, matar Baffa tana taya ta, suna hirar goro da alewar da za a raba. Bayan magariba saƙonnin Jamilu suka fara shigowa.

"Zakina kin ci abinci?"

"Hajiyarmu ta sayo miki turmi biyu, ɗaya shuɗi irin wanda kike so."

"Don Allah kwana biyu kawai. Kada ki rushe mana komai saboda takarda."

Na karanta, na kifa wayar a kan katifa. Kuma don ku san irin wautar zuciya, sai da na ɗauko ta na sake duba hoton shuɗin turmin da ya turo. Ya yi kyau, mugun kyau.

Yau Alhamis da sassafe na je wurin mai unguwa. Dattijo ne, ya san kakana, yana saurayi aka yi kyautar a gaban mahaifinsa. Ya ba ni takardar ƙorafi da ɗan akwatin tawada, ya ce shi zai yi shaida, amma ba ni ce mai ƙorafi ba. Sai Kulu ta dangwala yatsanta, ta kuma kawo kafin azahar.

Na dawo na sami Inna ita kaɗai a madafa, ta ɗaura tsohon zaninta na aiki, tana tsoma alkaki cikin zuma tana jerawa a faranti. Na baƙin gobe ne. Zafi ya sa gumi na bin wuyanta. Na tsuguna na faɗa mata komai, tun daga Iya Kande har Alhaji Suma'ila, har laifina ban ɓoye ba. Ta saurara ba ta daina aikinta ba.

"Na sani," ta ce.

"Kin sani?"

"Muntari ya same ni jiya da kika fita ɗibar ruwa."

"Me ya ce miki?"

"Ya ce in na kai shi gaban mai unguwa, gobe zai rufe zaure ya tafi Gidimuni. Baƙi su zo su tarar babu mai karɓarsu."

Na shimfiɗa takardar a kan tabarma, na buɗe tawadar. "Inna, kawo hannunki."

"A'a."

"Gidan babanki ne."

"Na fi ki sanin na wa ne. A ɗakin can aka haife ni, a nan aka yi wa ubanki wanka." Ta ɗora wani alkakin a faranti. "Shekararki ashirin da biyar, Zakiyya. Sa'o'inki suna da 'ya'ya uku-uku. Kin san abin da nake ji a gidan biki? Yanzu Allah ya kawo yaro mai hankali, mai aiki, a wannan lokacin da samari ke gudun aure. In bar shi ya tafi saboda ƙasa da azara? Ni nawa ya rage min? Ko a ina aka ajiye ni zan kwana."

"A bayan gari, Inna. Inda babu famfo, babu Iya Kande, babu kowa naki. In ma ya gina ɗakin."

"Na ce a'a. Ɗauke takardar nan kada zuma ta ɓata ta."

Ban taɓa jin fushi irin na lokacin ba, kuma ban san wa zan ɗora wa ba. Baffa da ya mai da aurena igiya ya ɗaure uwata da ita. Jamilu da ya ba shi igiyar. Ni da na saƙa ta. Har Inna ma na ji haushinta, Allah ya yafe min, da ta ɗauka zan iya kwana a ɗakin aure ina sane da abin da aka saye shi da shi. Na duba waya, sha ɗaya saura. Na gane muddin gobe tana nan, Inna ba za ta miƙo hannun nan ba ko zan yi kuka har azahar.

Inna ba ta karatun boko, rubutu ba zai yi ba. Na buɗe sunan Jamilu, na danna wurin ɗaukar murya, na matso kusa da ita don ta ji da kyau.

"Jamilu, ni ce Zakiyya. Ka gaya wa manyanka kada su zo gobe. Ba Baffa ne ya hana ba, ba Inna ba ce, ni ce na ce. Ina sonka, ka sani. Amma ka san gidan na wa ne ka rubuta wani suna, jiya kuma ka ce min takarda ce kawai. Ka ba Hajiya haƙuri."

Na saki. Saƙon ya tafi, alamar ta yi shuɗi tun kafin in sauke hannu.

Alkakin da ke hannun Inna ya koma cikin zumar. Ta daɗe tana kallona, idonta ya cika amma ba ta bari ya zubo ba.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani."

"Ba a dawo da irin wannan maganar."

"Shi ya sa na yi ta a gabanki. Yanzu babu baƙi, Inna. Babu abin da Baffa zai rufe."

Wayar ta fara ruri a hannuna, sunansa a kai. Ban ɗauka ba, ko da yake Allah ya sani yatsana ya je sau biyu. Ta katse, ta sake farawa. Ni ce na fara kuka, ba Inna ba.

Ta jawo buta ta wanke hannunta, ta goge a gefen zani, yatsa bayan yatsa, a hankali. Ta dangwala babban yatsanta a tawada, ta danna a kan takardar da ƙarfin da sai da tabarmar ta fito a jiki. Na miƙa hannu zan karɓa, ta janye.

"Ba ke za ki kai ba. Ɗauko min mayafina, babban, na zuwa biki."

Na ɗauko. Ta canza zani, ta yafa, ta ninke takardar ta riƙe a hannu a fili, ba ta sa a ƙugu ba. Ta dubi farantin alkakin ta ce in rufe shi saboda ƙuda. Sannan ta wuce gaba na bi ta, wayar na ta ruri a jakata.

Gidanmu ƙofar fita ɗaya gare shi, ta zaure take. Muna kaiwa bakin labule na ji rediyo a kashe, na ji muryar Baffa yana ce wa Alhaji Suma'ila ya shigo daga ciki ya ga tsakar gidan da idonsa.

Inna ba ta tsaya ba. Ta ɗaga labulen.